Yadda Ake Gane Gansakuka, a Taɓa Ta, a Kawar da Ita Ba Tare da An Cutu Ba

Mai tambaya ko gansakuka guba ce yawanci akwai abin da ke gabansa: ko yaro ya ciro wani koren abu daga gindin bango ya kai baki, ko hannu ya fara ƙaiƙayi bayan aikin lambu, ko daɓe ya yi kore ana son a kankare. Amsar a taƙaice ita ce, gansakuka ta gaskiya, wato ɗan tsiron nan mai laushi kamar darduma da ke fitowa a kan dutse, bango ko kututture, ba ta cikin tsirrai masu guba. Masana sun ƙidaya nau'inta kimanin 12,000, kuma babu ko ɗaya da ya yi suna da kashe mutum ta ci ko ta taɓawa.

Sai dai kalmar gansakuka a bakin mutane ta tattara abubuwa da dama waɗanda ba dangin juna ba: koren yauƙin da ke kan ruwan kwance, ɓawon nan mai launin toka da ke manne wa dutse da jikin bishiya, da koren garin da ke shafar hannu a jikin bango. A cikinsu akwai mai lalata hanta. Ita ma ta gaskiyar, ko da jikinta ba guba, tana iya ɗauke da abin da zai cutar. Don haka aikin duka ya rataya a kan tambaya biyu: mene ne wannan abin takamaimai, kuma a ina ya tsiro?

Yadda jikinta yake

Gansakuka ba ta da saiwa. Abin da ke ƙarƙashinta 'yan zarurruka ne sirara, aikinsu mafi girma shi ne riƙe ta a jikin abin da ta hau. Ruwa da abinci ta ganye take sha, kuma ganyen a mafi yawan nau'o'i kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ba ta da jijiyoyin itace irin na bishiya masu kai ruwa sama, shi ya sa ba ta tsawo. Akasarinta ba ta wuce santimita 10 ba, in ban da irin su Dawsonia superba ta Niyu Zilan da kan kai rabin mita. Riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya: tsiron da ke sha ta fatarsa gaba ɗaya, duk abin da iska da ruwan sama suka sauke masa, mai kyau da marar kyau, a jikinsa yake zama.

Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da ƙurar iri take yaɗuwa. Idan ƙwayar ƙurar ta faɗa wuri mai laima sai ta fitar da siraran zarurruka kore kamar saƙar gizo, daga cikinsu 'yan karare masu ganye su taso. A kan waɗannan kararen ake samun gaɓar namiji da ta mace. Ƙwayar namijin tana da 'yan wutsiya biyu, kuma dole sai ta yi iyo kafin ta isa ga ƙwan mace, ko da a cikin raɓa ne ko fantsamar ruwan sama. In babu ruwa, babu haihuwa. Bayan haɗuwar sai wani siririn sili ya fito daga kan uwar, da ɗan ƙoƙo a samansa, a ciki sabuwar ƙurar take nuna.

Ƙoƙon nan ya cancanci a tsaya a dube shi. Ɗora masa gilashin ƙara girma mai ninki 10, za ka ga yana da 'yar hula da murfi. Idan ya nuna murfin ya faɗi, bakinsa zagaye yake da haƙora sirara, 4 ko 16 ko 32 ko 64 gwargwadon nau'i. A irin su Funaria, wadda ke son wurin da wuta ta ci, in ka hura masa numfashi a hankali za ka ga haƙoran suna lanƙwashewa saboda laimar bakinka, su koma yadda suke in sun bushe. Da wannan motsin ake sakin ƙurar kaɗan-kaɗan.

Bushewa kuma ba ta kashe ta da sauƙi. Nau'o'i da yawa kan ƙanƙame su zama ruwan ƙasa tamkar matattu, da sun sami ruwa su farfaɗo cikin mintuna. A 2014 masu bincike daga Birtaniya sun ba da rahoton gansakukar da suka haƙo daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy na yankin Antatika, mai shekaru kusan 1,500, ta sake tsiro bayan an narkar da ita. Mai son kawar da ita ya san da wa yake yi: rana ta ƙona ta ba ya nufin ta tafi.

Rashin guba kuwa bai mai da ita abinci ba. Jikinta cike yake da zaren da cikin mutum ba ya narkarwa, amfanin da ake samu ƙalilan ne, har dabbobi ma kaɗan ne ke kiwonta, galibi na ƙasashen ƙanƙara. An sami ɓurɓushinta a hanjin mutumin nan da ake kira Otzi, wanda aka tsinci gawarsa a ƙanƙarar duwatsun Alf a 1991 bayan shekaru kimanin 5,300, amma ɗan abin da aka gani ya fi kama da wanda ya bi abinci ko ruwa ya shiga, ba wanda aka zauna aka ci ba.

Mataki na farko: tabbatar da abin da ke gabanka

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma, kwalbar feshi da ruwa mai tsabta, hantsaki ko tsinke, farar takarda, da safar hannu.

Ciro ɗan guntu kamar girman farce, ɗora a takardar, ka fesa masa ruwa, ka jira minti biyu zuwa biyar. Sannan ka ware shi da tsinke. Gansakuka ta gaskiya za ta rabu zuwa 'yan tsirrai ɗaiɗai, kowanne da karansa da ganyaye ƙanana masu tsini jere kewaye da shi, sau da yawa da jijiya guda a tsakiyar ganyen. In ka ga sili mai ƙoƙo, magana ta ƙare. In busasshiya ce ka ga ganyayen sun buɗe sun yi kore a gaban idonka, ita ce.

Idan abin ba shi da kara ba shi da ganye, launinsa toka-toka ne ko rawaya ko ruwan goro, ya manne kamar ƙanzo ko ya yi kunnuwa-kunnuwa ko yana reto kamar gemu, wannan laikin ne. Ba tsiro ba ne ma, haɗin zama ne tsakanin wata halitta dangin fumfuna da alga, wato ƙananan koren halittun nan na ruwa da wuri mai laima, ko bakteriya mai kore. Yaga shi, yawanci za ka ga fari a ciki kamar auduga. A wannan gidan akwai masu guba ta haƙiƙa. Letharia vulpina, mai launin rawaya shar, da shi aka riƙa kashe kerkeci da yanyawa a arewacin Turai. Wani sinadarin da ake samu a laikin da yawa, asid na usnik, yana lalata hanta idan aka sha shi da yawa, kuma a 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani maganin rage ƙiba mai ɗauke da shi bayan hantar wasu ta taɓu. Taɓa laikin da hannu yawanci ba komai, ci ne abin gudu.

Idan abin shimfiɗaɗɗe ne kore, mai rassa kamar faffaɗan yatsu kwance a ƙasa, ko kuma ganyayensa a jere biyu suke kamar ɓawon kifi ba su da jijiya, to ɗan uwan gansakuka ne na kusa, wanda Turawa suka raɗa wa suna daga kamanninsa da hanta. Wani jinsinsa, Frullania, mai launin ja-ja da ke bin ɓawon bishiya, an san shi da jawo wa masu saran itace ƙuraje da ƙaiƙayi a fuska, wuya da hannu. Ba kowa yake kamawa ba, sai wanda fatarsa ta riga ta ƙi shi, amma irin wannan da zarar ya sake taɓawa sai ta tashi.

Akwai kuma Lycopodium da danginsa, masu kama da gansakukar da ta yi girma: kara mai tauri yana rarrafe, da saiwa ta gaske, da rassa a tsaye kamar ƙaramar bishiya. Suna da sinadarai masu taɓa jijiyoyi, ba a cin su. In kuwa kore ne kawai ya shafe maka yatsa kamar gari ko yauƙi, ba wata siffa ko a ƙarƙashin gilashi, alga ce ko danginta.

Kada sunan da ke kan kwali ya ruɗe ka. A harsunan Turai ana liƙa sunan gansakuka ga abubuwan da ba ita ba: Chondrus crispus ciyawar teku ce, Cetraria islandica laikin ne, Tillandsia usneoides kuwa dangin abarba ce. Cewa ana amfani da ɗayansu a abinci ko magani ba hujja ba ce a kan abin da ya fito a bangonka.

In a ruwa yake, a nan gizo ke saƙar

Mafi haɗari a duk abin da ake kira gansakuka shi ne wanda ke kan ruwan kwance, musamman lokacin zafi, a inda taki ko ƙazanta ke gangarowa. Wani alga ne marar illa, wani kuwa sayanobakteriya ne, bakteriya mai kore da wasu nau'o'insa ke fitar da guba. Wadda aka fi sani ita ce mikrosistin, mai kai wa hanta hari. A 1996 a garin Karuwaru na Barazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da ita. A watan Agusta na 2014 aka hana mutum kimanin 400,000 a Toledo ta Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha na yau da kullum shi ne mikrogram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a lita, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji.

Gwaji biyu ake yi, duka da safar hannu. Na farko na sanda: cusa doguwar sanda cikin koren ka ɗago a hankali. In ta fito da zarurruka suna reto kamar jiƙaƙƙen gashi, alga ce mai zare, wadda ba a san ta da guba ba. In ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, ka ɗauka sayanobakteriya ne. Na biyu na kwalba: ɗebi ruwan daga ɗan ƙasa da samansa a kwalba mai haske, kashi uku cikin huɗu, rufe, goge bayanta, sa a leda, ka ajiye a wuri mai sanyi ta kwana ba a motsa ta ba. Da safe in koren ya kwanta a gindi, alama ce ta alga. In ya taru a sama ya yi zobe, sayanobakteriya ne, domin yana da 'yan jakunkunan iska a jikinsa masu ɗaga shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar gwajin a matsayin takardar shaidar lafiya. Yana nuna irin halittar ne kawai, ba ya auna guba, kuma akwai sayanobakteriyan da ke shimfiɗa a ƙasan ruwa ba sa tasowa. Kuskure na biyu, wanda ya fi muni, shi ne tafasawa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta rusa mikrosistin, hasali ma ruwa yana ƙafewa gubar tana ƙara kauri. Ruwan da ya yi kama da fenti ko ya tara kumfa kore a gefe, ba a sha, ba a girki, ba a wanka, ba a shayar da dabba. Wanda ya shiga ya ɗauraye jiki nan take da ruwa mai tsabta. Kare ma a wanke shi kafin ya lashi gashinsa, don ta nan karnuka da yawa ke mutuwa cikin sa'o'i.

Mataki na biyu: duba inda ta tsiro

To, ka tabbatar ta gaskiya ce. Yanzu sai tarihin wurin. Tun 1968 masu bincike biyu a Suwidin, Ruhling da Tyler, suka nuna cewa ana iya auna dalmar da ke cikin iska ta hanyar gwada gansakuka, kuma daga 1990 ƙasashen Turai suke yin wannan awon tare duk shekara biyar. Dalili shi ne jikinta yana kama dalma, kadmiyom, zaiba da tutiya ya riƙe. Abin da ya sa ta zama ma'auni mai kyau shi ne ya sa wadda ta fito a bakin babban titi, kusa da masana'anta, wurin ƙona shara, ko a jikin tsohon fenti ba ta dace da baki ba, kuma ba a zuba ta a takin da za a sa wa kayan lambu.

Sannan ka tambaya ko an yi wa wurin feshi. Gansakukar da ta yi baƙi ƙirin farat ɗaya, mai yiwuwa an zuba mata salfet na ƙarfe, wani sinadarin kashe gansakuka. Wadda ta yi fari ko rawaya ta ƙone, mai yiwuwa bilic ne, wato ruwan wankin nan mai sa tufafi fari, ko maganin ciyawa. A nan maganin ne guba, ba tsiron ba.

Ɗaga ta kuma ka dubi ƙarƙashi. Mazauni ce ta halittu masu yawa, akasarinsu ba ruwansu da mutum. Amma akwai kashin tsuntsu da na ɓera, akwai ƙananan katantanwa masu ɓawo da marasa ɓawo, waɗanda a ƙasashe masu zafi kan ɗauki tsutsar huhun ɓera mai iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa in an haɗiye su ɗanye. Shi ya sa dabarar nan ta matse gansakuka a sha ruwanta a daji ba abin yi ba ce sai an tace an tafasa, minti ɗaya cur yana tafarfasa, minti uku in a kan tudun da ya haura mita 2,000 ne.

Mataki na uku: aiki da ita da hannu

Shafa gansakuka da lafiyayyar fata ba ya komai, wanke hannu da sabulu ya isa. Inda ake samun matsala shi ne aiki mai tsawo da busasshiyar Sphagnum, wadda masu furanni ke naɗe saiwa da ita saboda tana riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinta. Ita ce aka riƙa ɗaure raunin sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan an tsince an tsabtace, don tana tsotse jini kuma tsaminta yana rage yaɗuwar bakteriya. Amma wata halitta dangin fumfuna, Sporothrix schenckii, tana iya zama a cikinta lokacin ajiya. A 1988 mutum 84 a jihohi 15 na Amurka suka kamu da cutar da take jawowa, an bi sawu aka tarar daga Sphagnum ɗin da aka naɗe dashen bishiyoyi da ita ne.

Ta tsaga ko ƙarzuwar fata wannan halittar take shiga jiki. Bayan mako 1 zuwa 12 sai ɗan ƙullutu ja ko shunayya ya fito a yatsa ko bayan hannu, ba zafi, kamar cizon ƙwaro. Ba ya warkewa, yana iya fashewa ya zama gyambo, sannan wasu su biyo baya a jere suna hawa dantse, ɗaya sama da ɗaya. Wannan jeren shi ne babbar alama. Abin da ke ɓata lokaci shi ne a yi ta shan maganin bakteriya, alhali ba ya taɓa ta. Maganin fumfuna ake bayarwa, galibi itirakonazol, wata uku zuwa shida, a hannun likita. Faɗa masa ƙarara cewa ka yi aiki da gansakuka ko ƙasa ko ƙaya, domin wannan bayanin ne ke sa ya tuna da cutar.

Kariyar mai sauƙi ce. Rufe duk wani ciwo da filasta kafin ka fara. Sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu. Buɗe buhun a fili, fuskarka a gefe, ka yayyafa ruwa ya jiƙa kafin ka cakuɗa, don kada ƙura ta tashi. Mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya ƙara da takunkumi. Duk inda ƙaya ko tsinke ya soke ka, tsaya ka wanke da sabulu a take, kada ka bari sai an tashi aiki. Gansakukar ado kuwa, wadda ba ta bushewa kuma korenta ya wuce misali, matacciya ce da aka jiƙa da gilisarin da rini. Ba a shayar da ita, ba a sa ta a gidan dabba, ba a barin ta inda yaro zai kai.

Idan yaro ya kai baki

Natsu tukuna. Ciro abin da ya rage a bakinsa da yatsa in kana ganinsa, goge bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ba shi ruwa 'yan kurɓi, wanke masa hannu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa wani abu da sunan karya guba. In yana tari ko numfashi ya sarƙe, wannan shaƙewa ce, ita za a fara magancewa cikin gaggawa.

Daga nan koma wurin da ya ciro. Ɗauki hoto, ɗebi samfur a takarda, ka bincika abu biyu: an yi feshi, kuma akwai laimar kwaɗi a ciki? Ƙananan laimar kwaɗi masu ruwan ƙasa suna son tsirowa cikin gansakuka da ruɓaɓɓen itace, kuma wani daga cikinsu, Galerina marginata, yana ɗauke da guba mai kashe hanta. Muguntarsa ita ce jinkiri. Sai bayan sa'a 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, sannan yaro ya yi kamar ya warware alhali hanta tana lalacewa. In ka ga ko guntun laimar kwaɗi a wurin, asibiti kai tsaye, ba jiran alama. Haka in an zuba salfet na ƙarfe ko wani magani, tafi da kwalin a hannu, don ƙarfe mai yawa yana da haɗari ƙwarai ga ƙaramin yaro.

In gansakuka ce zalla a wuri mai tsabta, abin da ake tsammani bai wuce ɗan murɗawar ciki ba, ko ma babu komai. Sa masa ido kwana biyu. Amai da ya ƙi tsayawa, jini a bayan gida, zazzaɓi, yawan barci ko ido ya yi rawaya, duk na asibiti ne.

Mataki na huɗu: kawar da ita

A gida, illar da gansakuka ta fi yi ita ce santsi. Jiƙaƙƙen matakala mai kore yana karya ƙugun tsoho, kuma mutane da yawa sun fi jin ciwo wajen cire ta fiye da wajen zama da ita.

A daɓe, fara da bushewa. Zaɓi ranar da ba ruwa, kankare da tsohon cokalin magini ko buroshi mai tauri, ka share ka kwashe, kada ka tura cikin magudana. Ga abin da ya maƙale a tsagu, tafasasshen ruwa ya isa. In faɗin ya yi yawa, haɗa bilic na gida kashi 1 da ruwa kashi 4, a lokacin da za a yi aikin, don yana rasa ƙarfi in ya daɗe a rana. Gwada a wani lungu tukuna ko zai canza launi. Jiƙa shuke-shuken da ke kusa da ruwa zalla, zuba haɗin, bar shi minti 15, goge, ɗauraye sosai. Sa safar roba da tabarau. Kada ruwan ya gangara inda kifi yake. Kuma kada bilic ya haɗu da binega, ko ruwan wankin banɗaki mai asid, ko wani abu mai amoniya, ko da a jere ne a wuri ɗaya ba a ɗauraye ba, don iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Binega ita kaɗai tana ƙona saman gansakuka, amma tana cin farar ƙasa da marmara.

A filin ciyawa, gansakuka ba ta korar ciyawa, gurbin da ciyawa ta bari take cikewa. Salfet na ƙarfe yana baƙanta ta, bayan mako ɗaya zuwa biyu a ja ta da manjagara. Bi ma'aunin da ke kan kwalin, ka hana yara da dabbobi shiga sai ruwa ya wanke shi, ka kiyaye siminti da tufafi domin yana barin tabon tsatsa da ba ya fita. Amma in ba a huda ƙasar da ta danƙare ba, ba a rage inuwa ba, ba a daina aske ciyawar har ƙasa ba, ba a shuka sabon iri a gurbin ba, za ta dawo da ruwan farko.

Rufi ne ya fi buƙatar hankali. Tsani ya tsaya a kan ƙasa mai tauri, gindinsa ya ja baya mita 1 a kan kowane mita 4 na tsawo, kansa ya wuce bakin rufin da mita ɗaya, wani yana riƙe da shi. Ba a hawa jiƙaƙƙen rufi. Shara daga sama zuwa ƙasa ake yi da buroshi mai laushi, don in ka tura sama za ka ɗaga bakin tayil ruwa ya sami hanya. Injin fesa ruwa mai ƙarfi yana kankare fatar rufin ya cusa ruwa ƙarƙashi. Idan tsohon rufin asbesto ne, kada a kankare, kada a goge, kada a taka: zarensa in ya tashi yana kawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru da dama, kuma yana fashewa da mutum ba gargaɗi. Wannan aikin masu horo ne. Bayan an gama a kwashe abin da ya taru a indararo, kuma in ana tarar ruwan rufin, a cire bututun kafin a zuba kowane magani. Siririn jan ƙarfe ko tutiya da ake kafawa a ƙoƙuwar rufi yana rage dawowarta, amma ruwan da ya bi ta kansa bai dace da sha ko kiwon kifi ba.

A bango, gansakuka manuniya ce. Bi ta da ido zuwa sama, yawanci za ka tarar da bututu mai yoyo, indararo da ya toshe, ko ƙasa da ta taru ta danne gindin gini. Gyara wannan, sare reshen da ya hana rana, sannan ka kankare. Leƙa cikin ɗakin ta bayan wurin kuma, domin danshin da ya ciyar da ita a waje shi ke ciyar da baƙar fumfuna a ciki, ita ce mai tayar da asma.

Wadda ke jikin bishiya kuwa ba ta shan ruwan bishiyar, wurin zama kawai ta samu. In ta yi nauyi a ƙananan rassan itacen marmari, cire ta da hannu cikin safa lokacin da take da laima, ba da ƙarfe ba don kada ɓawon ya ji rauni, sannan a rage rassan tsakiya iska ta riƙa ratsawa.